Kashe Kaifi

A wani lungu na birnin Maradi akwai wata rumfar kwano wadda ƙamshin katako ke sanar da mai wucewa zamanta tun kafin idonsa ya kai gare ta. Mai rumfar tsohon kafinta ne da ya haura shekara 70, kuma ya fi shekara 50 yana riƙe da zarto. Yara da dama sun bi ta hannunsa. Waɗansu sun buɗe nasu shagunan a Tasawa da Madarumfa, waɗansu kuwa sun jefar da sana'ar sun kama kabu-kabu. A ƙarshen shekara ta 2023 yaro ɗaya ya rage masa, ɗan shekara 19, mai kaifin ido da saurin hannu. Shi kuwa tsohon, idonsa ya fara hazo, hannunsa na dama kuma yakan yi rawa idan aiki ya kai ga wuri mai laushi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma ya san cewa duk abin da bai shiga hannun yaron nan ba, tare da shi za a rufe.

Wata safiya ta hunturu wata Hajiya ta iso rumfar, amalanke na biye da ita ɗauke da katakai shida da tsufa ya baƙanta. Kantar shagon marigayi mijinta ce, wadda aka yi da madaci tun zamanin da cinikin gyaɗa ke riƙe da Maradi, kafin farin farkon shekarun 1970 ya karya shi. Jikarta za ta yi aure bayan mako uku, kuma tana so a mayar da katakan armuwar, wato abin da mutanen Katsina da Kano ke kira kabad, mai ƙyaure biyu, domin yarinyar ta tafi ɗakinta da wani abu na kakanta. Tsohon ya auna, ya sake aunawa, sa'an nan ya ce: "Hajiya, zai isa, amma babu rara. Ko taƙi ɗaya ya lalace ba ni da madadinsa." Ba ciniki yake ja ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakar Nijeriya take rufe, katako kuwa daga dazuzzukan kudu yake zuwa. Ko da ma hanya a buɗe take, madacin da ya shekara 50 yana bushewa a inuwa ba abin sayarwa ba ne a kasuwa.

Kafin a je ga abin da ya faru, ya kamata mai karatu ya san yadda ake gina irin wannan ƙyaure. Masassaƙin gargajiya daga gungume ɗaya yake fitar da turmi ko akushi ko kujerar mata, ba ya haɗa katako da katako. Kafinta kuwa mai haɗi ne, kuma sana'arsa a wannan siffa ta bazu ne a ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka. Ƙyauren da ake magana a kai yana da sanduna biyu na tsaye da sanduna na kwance, waɗanda ake haɗawa ta hanyar fitar da harshe a ƙarshen na kwancen, a haƙa masa rami a jikin na tsayen. A bakin ciki na kowace sanda akwai tsaga, a cikinta ne allon tsakiya yake zama, ba gam ba ƙusa. Wannan dabara ta bazu a Turai a ƙarni na 15, musamman a Faransa da ƙasashen da ke arewa da ita, bayan an daɗe ana fama da akwatunan faffaɗan katako da ke tsagewa a kan ƙusoshinsu. Daga baya wani kafinta na birnin Paris, André-Jacob Roubo, ya tattara ilmin sana'ar cikin babban littafinsa L'Art du menuisier, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1769 da 1775.

Dalilin barin allon a sake shi ne, itace ba ya daina motsi bayan an sare shi. Yana shan laimar iska ya kumbura, ya fitar da ita ya tsuke. Ɗanyen katako idan ya bushe ƙarƙaf yakan ragu da kimanin kashi 4 zuwa 8 cikin 100 a faɗinsa, gwargwadon irin itacen da yadda aka tsaga shi, alhali a tsawonsa raguwar ba ta kai rabin kashi 1 ba. A ƙasar da laimar iska ke sauka ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu, ta haura 70 a watan Agusta, allo mai faɗin santimita 40 yana iya sauyawa da rabin santimita ko fiye tsakanin rani da damina. Sandunan, da yake sirara ne kuma tsawonsu ne ke riƙe da girman ƙyauren, kusan ba sa sauyawa. Allon kuwa yana kai da komo cikin tsagarsa ba wanda ya sani. Shi ya sa tsohon yakan ce wa yaron: wanda ya haɗa ƙyaure da hunturu ya bar wa Agusta wurin zama.

To, inda sanda ta haɗu da allo akwai baki mai kaifi, wato kusurwar da fuskar sandar ke yi da gefenta na ciki. Faransawa suna kiran yankan da ake yi wa wannan baki chanfrein: a share kusurwar a karkace, yawanci a digiri 45, ta koma ɗan siririn fili mai gangara zuwa ga allon. Tsohon ya ji kalmar a bakin wanda ya koya masa, amma shi bai taɓa amfani da ita ba. Abin da yake cewa shi ne "kashe kaifi". Amfaninsa kuwa ba ado kaɗai ba ne. Baki mai kaifi shi ne farkon abin da ke ɓantarewa idan kwano ko maɓalli ya buge shi. Man sheƙi ba ya kama kaifi sosai, yakan janye ya bar shi tsirara, daga nan ne dauɗa ke fara shiga. A kan sandar ƙasa, baki miƙaƙƙe kamar ƴar kanta ne da ƙurar hunturu ke kwanciya a kai, tsumma bai isa lungunsa. Idan kuwa an gangarar da shi, shafa ɗaya ta wadatar. Bayan haka akwai haske: ɗan filin nan yana kama hasken taga ta wata fuska dabam, sai ƙyaure mai kauri ya yi kamar an rage masa nauyi.

Yin yankan ba shi ne wahala ba. Sanin inda za a tsayar da shi ne. Kafaɗar sandar kwance miƙaƙƙiya ce, kuma dole ta zauna daram a kan gefen sandar tsaye wanda shi ma miƙaƙƙe ne. Idan aka bi sandar tsaye da yanka daga sama har ƙasa, to a wurin haɗin za a sami ɗan kwari mai kusurwa uku wanda babu abin da zai rufe shi. Don haka ake tsayar da yankan kafin ya kai kusurwa, kamar santimita 3, a fitar da shi a hankali zuwa ga asalin bakin, a bar mahaɗar da cikakken namanta. Matsayar tana iya zama ƴar gangara kawai, tana iya zama mai lanƙwasa biyu, wadda kafintocin Ingila ke kira harshen ɗan rago. Armuwar ɗin Hajiya ƙyaure biyu gare shi, kowanne da allo biyu, na sama da na ƙasa. Kowane allo baki huɗu ke kewaye da shi. Yanka 16 ke nan, matsaya 32, kuma ana so kowace ta yi daidai da ƴar'uwarta.

Da a ce shekarar da ta gabata ce, da yaron ya gama wannan cikin rabin sa'a. Akwai wani ɗan inji a rumfar mai haƙori mai juyawa, da ƴar ƙafa da ke bin gefen katako. A haɗa sandunan ba tare da allon ba, a zagaya da injin, shi ke nan. Aibinsa ɗaya: da yake haƙorin zagayayye ne, ba ya shiga lungu, sai ya bar kowace kusurwa da lanƙwasa, alamar da duk mai ido ke gane aikin inji da ita, sai fa in an bi da kurfi an fitar da kusurwar. Amma tun farkon watan Agusta 2023 aka yanke wutar da ke zuwa daga Nijeriya, Maradi da Damagaram kuwa layin da ya taso daga Katsina ta Gazawa ne ke ba su mafi yawan wutarsu. Wuta ta zama baƙuwa, ta zo da tsakar dare ta tafi kafin asuba. Injin ya koma cikin akwatinsa, tsohon kuma ya sauko da wani ƙunshin tsumma daga saman rumfa, ya warware: kurfi uku, da ƙaramin rabo mai hannu biyu, da dutsen wasa wanda tsakiyarsa ta lotsa.

Kwana biyu yaron bai taɓa madacin ba. A kan guntayen farin katako ya koya. Da farko a haɗa sandunan ba gam, a sa alama inda kowace ta gamu da ƴar'uwarta, a auna santimita 3 daga nan, a warware. Sa'an nan a ja layi biyu, ɗaya a fuska ɗaya a gefe, kowanne milimita 5 daga kaifin. Yaron ya ɗauko ƙarfen zane, tsohon ya riƙe hannunsa: da fensir ake ja, domin ƙarfe yana tsaga katako, kuma tsagar takan saura a bakin yankan bayan an gama, man sheƙi ya fito da ita baƙa. Milimita 5 ɗin ma da dalili: kaurin sandar milimita 22 ne, tsagar allo ta ci 8 a tsakiya, saura 7 a kowane gefe, wanda ya zurfafa yanka ya bar leɓen tsagar siriri, ranar da allo ya kumbura sai ya ɓalle shi. Matsaya ake fara yi, da kurfi a kife, sa'an nan a share tsakani. Madaci kuwa itace ne mai saƙaƙƙiyar jijiya, wani sashe na kallon gabas wani na kallon yamma, idan aka matsa masa sai ya yage maimakon ya yanku. Maganinsa kaifin ƙarfe da ɗauka kaɗan-kaɗan, da juya hannu duk inda katakon ya nuna ƙi.

Ranar da ya fara a kan madacin, tsohon ya zauna a gefe yana jan carbi, kunnensa na kan aikin, domin ya fi gane lafiyar yanka da sautinsa. Yaron ya yi goma sha uku ba aibi, har ya fara jin hannunsa ya san hanya. Na goma sha huɗu a kan sandar tsaye ta ƙyauren hagu yake. La'asar ta yi sanyi, haske ya ragu a rumfar, ƙurar katako ta rufe alamar fensir, tsohon kuma ya tashi alwala. Rabon na tafiya sumul, yana fitar da dogon ɓawo ja mai naɗewa, yaron ya bi daɗin tafiyar. Sai da ya ɗaga kai ya ga ramin sandar tsakiya a ƙarƙashin hannunsa. Ya wuce matsaya, ya share mahaɗar gaba ɗaya, ya haɗe yankan sama da na ƙasa: santimita 14 na bakin da ya kamata ya zauna miƙaƙƙe sun koma ɓawo a ƙasa.

Abin da ya fara zuwa zuciyarsa shi ne abin da ya ga ana yi a rumfuna da yawa: a kwaɓa garin katako da gam, a cusa a ramin bayan an haɗa, a goge, a shafa mai mai duhu. Ranar biki ba wanda zai gani. Har ya tara garin a tafin hannunsa, sai ya ji takun tsohon. Yana iya juya sandar ya kife ta. Bai kife ba, ya miƙa masa ita, ya ce: "Baba, na wuce."

Tsohon ya bi wurin da babban yatsa, sau biyu, ya dubi garin da ke hannun yaron, ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce: "Zubar da wannan. Kwaɓi ba ya tafiya tare da katako. Damina ɗaya, hunturu ɗaya, ya tsage ya zubo, a lokacin kuwa kai ba ka nan, sunana ne ke nan." Ya sa shi ya kwashe duk guntayen da aka yar, suka zauna suna juya su ɗaya-ɗaya har aka kira magariba, suna neman wanda ya fito daga jikin katakon da aka yi sandar da shi, mai launi ɗaya da jijiya mai tafiya ɗaya. Da safe yaron ya tsaga siririn yanki mai kusurwa uku, ya gyara fuskarsa har ta kwanta a kan yankan ba hasken da ke ratsawa, aka shafa gam, aka ɗaure da igiyar roba, aka bar shi kwana guda. Haɗin da jijiya ta bi jijiya, idan fuskokin sun dace, ƙarfinsa bai gaza na katakon kansa ba. Washegari aka share shi daidai da fuskar sandar, aka sake ja da fensir, yaron ya yanka matsaya biyun da ya ci. Tsohon bai karɓi kurfin ba, ko da yake yaron ya miƙa masa. "Wanda ya ɓata shi ke gyarawa," in ji shi. Bai ƙara da cewa nasa hannun ba zai iya ba.

Aka shafa wa allunan mai tun kafin a sa su cikin tsaga, domin kada su tsuke wata rana su nuna farin layi a gefe. Aka haɗa, aka matse, aka rataya. Gyaran ya ɓace sai ga wanda ya san wurin, shi ma sai ya karkata kai haske ya bugi ƙyauren ta gefe, sa'an nan ya ga wani layi kamar silin gashi. Yaron ya ɗauka magana ta ƙare. Daren da Hajiya za ta zo ɗauka, tsohon ya ce masa: "Gobe kai za ka nuna mata."

Yaron ya ce: "Baba, ai ba za ta gani ba."

"Shi ya sa. Katakonta ne, ba namu ba. Abin da ya same shi a hannunmu hakkinta ne ta sani."

Hajiya ta zo da hantsi tare da wata ƙanwarta. Ta buɗe, ta rufe, ta shafa allon sama inda wani tsohon tabon tawada ya ƙi fita duk da kankara, ta yi shiru, domin ta san tabon. Yaron ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi abin da ya faru, muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ɗora yatsa a wurin. Ta sunkuya ta duba ba ta gani ba, sai da aka juya ƙyauren ga haske. Ta ce wa tsohon: "Malam, zai riƙe?" Ya ce: "Zai riƙe, in Allah ya so. In ya buɗe, a kaina. Kuma a rage wani abu cikin kuɗin." Ta ce: "A bar kuɗi yadda muka yi. Amma kai, yaro, kai za ka kai shi ɗakin amarya ka kafa da hannunka, mutanen gidan su ga fuskarka. In ya buɗe, sun san wanda za su nema."

Masu koyarwa, ko a aji ko a rumfa, sun san irin wannan rana. Yaro mai rauni yakan yi kuskurensa a farko, inda malami ke tsaye a kansa. Mai hazaƙa kuwa sai ya yi goma sha uku daidai, a daina dubansa, shi ma ya daina duban alama. Sun kuma san cewa gyaran kuskuren ɗalibi da hannun malami ya fi sauri, ya fi tsabta, amma ba ya barin kome a hannun ɗalibin. Abin da ba a cika samu ba shi ne mataki na uku, wato a kai mai kuskure gaban mai kaya alhali gyara ya riga ya rufe aibin. A nan tsohon ya sa sunansa na shekara 50 a kan faranti, gaban macen da bakinta ke kai wa gidajen biki da yawa, a zamanin da kayan ɗaki na matsattsen garin katako da ake shigowa da su daga waje suka riga suka janye masa rabin masu saye. Yana iya yin hasara, kuma ya san haka.

Wuta ta dawo a watan Maris 2024, bayan an ɗage takunkumi, injin ya fito daga akwatinsa. Yaron yana amfani da shi, tsohon kuma bai hana ba, domin ba ya gaba da abin da ke rage gajiya. Sai dai yanzu yaron yakan ɗaga injin tun da sauran tazara, ya ajiye, ya ɗauki kurfi ya ƙarasa matsayar da hannu. Kafin ya fara kuma yakan hure ƙura, ya sake bin alamar fensir har ta yi baƙi. A watan Agusta na shekarar, bayan wani ruwa mai yawa da aka kwana ana yi, ya nemi izini ya hau keke ya tafi unguwar da aka kai amarya, ba wanda ya aike shi. Ya yi sallama, maigidan ya shigar da shi. Ƙyauren hagu ya buɗe ba gardama, allunan sun cika tsagarsu ba su tura kome ba. Ya karkata kai ya nemi layin, ya same shi yadda ya bar shi.

Da ya komo, tsohon na zaune bakin rumfa yana wasa kurfi a kan lotsattsen dutsen nan. Bai ɗaga kai ba, ya ce: "Yaya?"

"Yana nan, Baba."

"To. Ɗauko sandunan can, akwai ƙyaure huɗu na wani malamin makaranta. Ka fara da alama."